Yadda Matashi Zai Shiga Sana'ar Walda, Mataki Bayan Mataki

Tambaya ɗaya ce ke yawan dawo mini daga iyaye da matasa: yaro ya gama sakandare, ko ya yanke karatu a tsakiya, yana zaune bai san gabas ba bai san yamma ba, an ce masa walda na da kyau, to ta ina zai fara? Wasu makaranta suke tambaya, wasu kayan aiki, wasu kuma so suke su ji ko da gaske akwai ci gaba a cikinta, ko dai zafi ne kawai da ciwon ido. Na jera amsar yadda nake ganin ya kamata a bi ta, don yawancin asarar da masu farawa ke yi daga tsallake mataki take zuwa.

Abin da ya sa nake ƙaunar walda ga matashin da ya rasa alkibla shi ne ba ta ɓoye sakamako. Ɗinkin da ka yi yau ana iya yanka shi a duba cikinsa, a lanƙwasa shi a ga ko zai riƙe. Yaron da ya daɗe yana jin ana ce masa ba ya iya komai, idan ya ajiye ƙarfen da ya ɗinka a makon farko kusa da na mako na shida, da idonsa zai ga bambanci, ba sai wani ya yabe shi ba. Da "kai" nake magana don sauƙi, amma duk abin da ke nan ya shafi ’ya mace ma. Sana'ar ta fi buƙatar nutsuwar hannu da kaifin ido a kan ƙarfin damtse.

1. Gwada kafin ka biya kuɗi

Nemi shagon walda ko wurin ƙera ƙarfe da zai yarda ka yi mako ɗaya ko biyu kana taimako: ɗaukar ƙarfe, riƙe awo, shara. Gani ya kori ji. A nan za ka san ko jikinka zai ɗauki zafi, ƙara, dogon tsugunno da tsayuwa, kuma ko ranka na son abin.

A cikin wannan lokacin ka je a gwada idonka. Da yawa sai sun fara koyo suke gane cewa ba sa ganin narkakken ƙarfen da kyau, alhali tabarau kaɗai suke buƙata, ko ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙalawa cikin hular walda. Mai asma, da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, su ga likita tukuna.

Gargaɗi: kada ka kalli hasken walda da ido tsirara, ko daga gefe, ko na ƙiftawa kaɗan. Hasken yana ƙona fatar ƙwayar ido, kuma zafin ba ya zuwa nan take. Sai bayan wasu sa'o'i, sau da yawa cikin dare, ka farka kamar an watsa maka yashi a ido, hawaye na zuba. Idan ya faru kada ka murza, kada ka ɗiga abin da ba likita ne ya ba ka ba.

2. Zaɓen makaranta

Nan ne aka fi yin kuskure mai tsada, don haka kada ka yi gaggawa. Kada ka zaɓi makaranta daga takardar talla ko kyawun gini. Je ka da kanka a lokacin da ɗalibai ke aiki, ka nemi a shiga da kai ɗakin walda, ka ƙirga injinan da ke kunne, ka ƙirga ɗaliban da ke tsaye suna jiran layi. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da ɗalibi ɗaya yana walda, wasu da yawa sun zagaye shi da huluna a hannu suna jira. A irin wannan wuri za ka biya kuɗin wata shida ka fito da aikin da bai kai na wata ɗaya ba.

Ga tambayoyin da za ka yi, ka kuma rubuta amsoshin:

- Sa'a nawa a mako ɗalibi ke riƙe da wuta da hannunsa, ban da zaman aji?
- Mutum nawa ke raba inji ɗaya?
- Wa ke biyan sandunan walda, ƙarfen gwaji, iskar gas da faifan giranda? Suna cikin kuɗin makaranta ko daban?
- Waɗanne nau'o'in walda ake koyarwa?
- Ana koyar da karanta zanen aiki da alamomin walda?
- A ƙarshe ana yin jarrabawar hannu bisa wata ƙa'ida da masana'antu suka sani, ko takardar halarta kawai ake bayarwa?
- Ina waɗanda suka gama bara suke aiki yanzu?

Wannan ta ƙarshe ita ce uwa. Ka nemi ka yi magana da biyu ko uku daga cikinsu, ba a gaban shugaban makaranta ba.

Kwasa-kwasan sun bambanta, daga na ’yan watanni zuwa na shekara biyu. Sau da yawa ana tambayata ko makaranta ta fi, ko zama ƙarƙashin gwani a shago. A ganina kowanne na da abin da ɗayan ba ya bayarwa. Shago na koyar da sauri, dabara da mu'amala da masu kawo aiki, amma za ka gaji kurakuran maigidanka tare da gwanintarsa, kuma kana iya shekara kana goge ƙarfe ba a ba ka wuta ba. Makaranta na koyar da dalili: me ya sa wannan ƙarfen ke tsagewa, me wannan alamar ke nufi, wace sanda ta dace da wane aiki. Wanda ya samu halin haɗa su, makaranta da safe shago da yamma ko ƙarshen mako, shi ne ya dace.

Wajen lissafin kuɗi kada ka tsaya a kuɗin rajista. Ka haɗa da kayan kariya, kayan da ke ƙarewa, kuɗin jarrabawa har da na maimaitawa idan ba a ci ba, kuɗin zirga-zirga, da watannin da za ka yi ba ka samun komai. Ka kuma bincika ko akwai tallafin koyon sana'a daga gwamnati, ƙungiyoyin ma'aikata ko kamfanonin da ke ɗaukar ’yan koyo suna biyansu.

Gargaɗi: duk makarantar da ta yi maka alkawarin aiki a ƙasar waje ko babban albashi tun kafin ta ga hannunka, ka yi hattara da ita. Kuma kada ka ci bashi mai nauyi kafin ka wuce mataki na farko.

3. Kayan kariya kafin inji

Sabon shiga yakan ɗokanta ya sayi inji. Bari tukuna. Kuɗinka na farko ya tafi kan jikinka:

- Hular walda mai rufe fuska gaba ɗaya, da gilashi mai duhu lamba 10 zuwa 13 gwargwadon ƙarfin wuta. Mai duhunta da kanta na sauƙaƙa wa mai koyo, don yana ganin inda zai ɗora sanda kafin wuta ta kama.
- Farin tabaran kariya a ƙarƙashin hular. Ɓawon walda, wato busasshiyar hodar sanda da ke rufe ɗinki, da tartsatsin giranda sun fi shiga ido a lokacin da aka ɗaga hula.
- Safar hannu ta fata mai tsawo, da takalmin fata mai rufe ƙafa.
- Riga mai dogon hannu da wando na auduga mai kauri. Yadin roba irin su nailan yana narkewa ya manne a fata. Kada ka naɗe ƙafar wando, tartsatsi na maƙalewa a ciki.
- Abin toshe kunne, saboda ƙara da kuma tartsatsi idan kana walda a kwance ko sama da kai.
- Takunkumin da aka yi don tace hayaƙin ƙarfe. Ƙyalle a hanci ba ya tare komai.

Maganar hayaƙi ba ta wasa ba ce. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka kawar da kanka daga hanyar hayaƙin. Ƙarfen da aka lulluɓe da zinki, mai launin azurfan nan, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da sanyi da ciwon jiki bayan ’yan sa'o'i, don haka a goge lulluɓin kafin a ɗinka. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma hayaƙinsa na ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai guba. Ka cire abin kunna wuta mai gas daga aljihu kafin ka fara.

Ƙananan kayan hannu da za ka buƙata ba su da yawa: gudumar cire ɓawo, burushin waya, tef ɗin awo, sukwaya, allin ƙarfe, da matsai biyu ko uku.

4. Fara da waldar sanda, ka daɗe a kanta

Akwai MIG, wadda inji ke turo waya da kansa, akwai TIG, wadda ake riƙe bakin wuta a hannu ɗaya da wayar ciko a ɗayan, akwai wasu. Shawarata ka fara da waldar sanda. Injinta ya fi araha, tana aiki a fili ko da iska na kaɗawa, kuma wanda ya iya sarrafa ta sauran ba sa ba shi wuya sosai.

Fara da sanin abin da ke rubuce a jikin sanda. A E6013, lambar 60 na nufin ɗinkin zai jure jan fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. Lambar 1 na nufin ana iya amfani da ita a kowane yanayi, kwance, tsaye ko sama da kai. Ta ƙarshe na nuna irin hodar da aka lulluɓe ta da ita da irin wutar da take so. E6013 tana kamawa da sauƙi, shi ya sa ake fara koyo da ita. Mai kaurin milimita 2.5 tana son ƙarfin wuta wajen amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuma wajen 90 zuwa 130. Ka duba kwalin, kamfanin da ya yi ta yana rubuta nasa.

Sannan ka bi wannan jerin:

1. Goge ƙarfen har ya yi haske. Tsatsa, fenti da mai su ne uwar yawancin lahani.
2. Maƙala wayar ƙasa, wato wadda ke mayar da wuta zuwa inji, a wuri mai tsabta kusa da aikin.
3. Kunna wutar kamar mai ƙyasta ashana, ka ɗan ɗaga. Idan sandar ta manne, karkaɗa ta ta saki, ka ɗan ƙara wuta.
4. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin wayar da ke cikin sandar. Sanda na cinyewa, don haka hannunka yana sauka a hankali yana kuma tafiya gaba a lokaci guda. Wannan ne abin da ke ɗaukar makonni kafin hannu ya saba.
5. Karkatar da sandar digiri 10 zuwa 15 ta ɓangaren da ka dosa, kana jan ta.
6. Zuba ido a kan ɗan tafkin narkakken ƙarfen da ke bayan wutar. Masu farawa hasken suke kallo. Ranar da ka fara bambanta narkakken ƙarfe da narkakken ɓawon da ke yawo a kansa, ranar ka fara walda.
7. Bari ya ɗan huce, ka cire ɓawon, ka goge, ka duba.

Aikin farko shi ne ka ɗauki farantin ƙarfe ka cika shi da layuka, kowane layi ya hau rabin na kusa da shi, har ya cika, ka juya shi ka sake wani a kai. Yana gundura, na sani. Amma babu gwanin da ya tsallake shi.

Ka koyi karanta aikinka. Ɗinki mai tudu siriri, wuta ta yi kaɗan. Tartsatsi ko'ina da rami a gefen ɗinki, wuta ta yi yawa ko tazara ta yi nisa. Ƙananan huda kamar gidan tururuwa, akwai datti ko danshi. Ɗinki mai faɗi da ya taru wuri ɗaya, ka yi nawa. Canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya gyara ba.

Gargaɗi: injin da ke kunne yana da wuta a bakinsa ko ba ka walda. Kada ka canza sanda da hannu tsirara ko jiƙaƙƙiyar safa, kada ka tsaya cikin ruwa, kada ka rataya waya a jikinka. Kuma duk ƙarfen da ka gani a wurin aiki ka ɗauka mai zafi ne. Yana iya komawa baƙi alhali zai cire maka fata.

Idan hannu ya zauna sai ka koma E7018, wadda ake aikin gine-ginen ƙarfe da ita. Ba ta shiri da danshi. Da zarar an buɗe kwalinta ana ajiye ta a tanda mai zafin digiri 120 na ma'aunin Salshiyos, don danshi na shigar da haidurojin cikin ɗinki ya tsage daga baya.

5. Haɗi, yanayi da awo

Bayan layuka sai haɗa ƙarfe biyu: ɗaya a kan ɗaya, haɗin kusurwa mai kama da harafin T, sannan baki da baki. Kowanne ka yi shi a kwance har ya yi kyau, sannan a gicciye, sannan a tsaye kana hawa sama, sannan sama da kai. A haɗin baki da baki, tsarin Amurka na kiran waɗannan 1G, 2G, 3G da 4G. A tsarin ƙasa da ƙasa na ISO kuma PA, PC, PF da PE. Ka haddace su, don da su ake rubuta tallan aiki.

Kada ka raina awo da zane. Mai walda da ke karanta zane, ya yanka daidai, ya haɗa a miƙe, shi ake bar wa aiki a tafi. Ka sake bitar lissafin ɓangarori da kusurwa ko da a makaranta ba ka so shi ba, yanzu kana ganin amfaninsa a hannu. Ka kuma sani zafi na jan ƙarfe. Ƙofar da aka haɗa daidai tana iya karkacewa bayan an ɗinke ta. Maganin shi ne ka ɗiga mata ɗan kamu a kusurwoyi, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu su zo ɗaya, sannan ka ɗinka kana sauya gefe.

Idan an zo koyon yanka da iskar gas: tukunyar asitilin a tsaye take zama, ba a wuce matsin fam 15 a kan kowane inci murabba'i wajen amfani da ita, kuma mai ko giris ba sa kusantar kan tukunyar oksijin.

6. Jarrabawa da takardar shaida

Tun kafin jarrabawa ka riƙa yi wa kanka ita. Yanka ɗinkinka ka ga ko ya shiga ciki, ka matse shi ka lanƙwasa. Ɗinki na iya yin kyau a ido alhali a sama kawai ya kwanta.

Takardar gama makaranta daban, shaidar ƙwarewa daban. Shaidar ƙwarewa na fitowa ne daga gwajin hannu a gaban mai dubawa, bisa wata ƙa'ida: AWS D1.1 don gine-ginen ƙarfe, sashe na 9 na ASME don tukwane da bututun matsi, API 1104 don bututun mai da gas, ko ISO 9606-1 da ƙasashe da dama ke bi. Tambayi masu ɗaukar aiki a yankinka wacce suke nema kafin ka biya. Ana duba aikin da ido, sannan a yanko ɓangarori a lanƙwasa su, ko a ɗauki hoton cikinsa. A gwajin lanƙwasa, tsagar da ta wuce milimita 3 ta isa ta kayar da kai. Faɗuwa a karon farko ba baƙon abu ba ne. Ka nemi a nuna maka guntun da ya tsage, ka ga inda abin ya faru.

Gargaɗi: shaidar tana aiki ne kan nau'in walda, yanayi da kaurin da aka gwada ka a kai kawai. Kuma a waɗannan ƙa'idoji akwai waɗanda idan ka yi wata 6 ba ka yi irin wannan waldar ba shaidar ta faɗi. Ka buɗe littafi kana rubuta kwanan wata da aikin da ka yi, shugaban aiki yana sa hannu.

7. Aikin farko

Da wuya a ba ka wuta a ranar farko. Za ka fara da gogewa, yanka da riƙe wa wani. Karɓa. Zo da wuri, gyara wurinka, yi tambaya kafin ka lalata ƙarfe, kuma idan ka yi kuskure ka faɗa da bakinka. Lahanin da aka rufe da fenti yana nan, wata rana wani zai tsaya a ƙarƙashinsa. Ka riƙa ɗaukar hoton ayyukanka idan an yarda, kuma duk inda ka je neman aiki ka tafi da hularka da safarka, don mafi yawa gwaji za su ba ka a nan take.

A wannan matakin ne ake sa sabon yaro abin da tsofaffin hannu suka ƙi, don haka ka riƙe waɗannan da kyau. Kada ka taɓa sa wuta a jikin duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari, ko an rantse maka babu komai a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Kada ka shiga tanki ko rami ka yi walda ba tare da an auna iskar ciki ba, kuma akwai mai tsaro a bakin ƙofa. Kada ka wanke ƙarfe da ruwan wanke birki mai kulorin sannan ka ɗinka, yana fitar da iska mai kisa. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce a kawar da abin da ke kama wuta har tazarar ƙafa 35, wajen mita 11, a kuma ci gaba da sa ido aƙalla rabin sa'a bayan an gama. Wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina.

Ga iyaye kuma: watannin farko yaro zai dawo a gajiye, da ƙuna a hannu, samu kaɗan. A nan ne da yawa ke karaya. Ku ce ya kawo muku guntun ƙarfen da ya ɗinka, ku sa shi ya bayyana muku abin da ya gyaru. Yana taimakawa fiye da faɗa.

8. Zaɓi reshe

Bayan shekara ɗaya ko biyu za ka fara gane inda zuciyarka ta karkata. MIG na da sauri, ita masana'antu da masu haɗa jikin motoci suka fi amfani da ita. TIG ta fi wuya, hannu biyu ke aiki, wani lokaci har da ƙafa, ana yin ta da iskar argon, kuma ita ce ta alminiyam, siraran bututu da ƙarfen da ba ya tsatsa. Waldar bututu kololuwar gwajinta shi ne 6G, inda ake kafe bututu a karkace digiri 45 ba ya juyawa, kai ne za ka zagaye shi. Wanda ya ci wannan ƙofofi da yawa na buɗe masa. Daga baya akwai duba ingancin walda, koyarwa, ko sarrafa injinan da ke walda da kansu, kuma waɗannan suna da amfani lokacin da gwiwa da baya suka fara gajiya.

Idan shagon kanka kake so, yanzu ne lokacin sayen inji. Kada babbar lambar amfiya da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Duba adadin lokacin da yake iya aiki ba hutawa, wanda ake aunawa a cikin minti 10. Idan an rubuta kashi 60 a amfiya 200, zai yi minti 6 yana aiki, ya huta minti 4. Araha ba ta ado: injin da ke da kashi 20 zai riƙa tsayawa kana tsakiyar aiki. Ka tabbatar kuma ana samun kayan gyaransa inda kake.

Wajen yi wa aiki kuɗi, sabon mai shago yakan lissafa ƙarfe ya manta da sauran. Rubuta komai: ƙarfe har da abin da zai lalace a yanka, sanduna, faifai, wuta, fenti, ɗauko kaya da kaiwa, sa'o'inka, da ɗan abin da za a ware don gyaran inji. Ka karɓi kuɗin kayan aiki kafin ka yanka ƙarfe, kuma awon da zanen da kuka amince a kai su kasance a rubuce, kowa da kofinsa.